Sanin Asalin Tsunami Ya Fi Jiran Jiniya

Gabatarwa

Da safiyar ranar 26 ga watan Disamba na shekarar 2004, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin Tekun Indiya, yamma da tsibirin Sumatra na ƙasar Indonesiya. Kafin rana ta faɗi, raƙuman ruwan da girgizar ta tayar sun hallaka mutum wajen 230,000 a ƙasashe 14, tun daga lardin Aceh na Sumatra, inda ruwan ya iso cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, har zuwa gaɓar Somaliya, wadda ya tarar bayan sa'a bakwai. To, amma akwai wani tsibiri mai suna Simeulue, wanda yana cikin wuraren da suka fi kusa da cibiyar girgizar, yana kuma da mutum fiye da 70,000. Waɗanda ruwa ya ci a can mutum 7 ne kacal. Mutanen tsibirin ba su ji jiniya ba, ba kuma wata na'ura da ta gargaɗe su. Abin da ya tsirar da su kalma ce guda, watau "smong", da darasin da ke tare da ita. Tun daga shekarar 1907, lokacin da irin wannan ruwa ya cinye kakanninsu masu yawa, iyaye suke sanar da 'ya'yansu ta hanyar labari da waƙar reno cewa in ƙasa ta girgiza, teku kuma ta janye, to a bar kome a hau tudu.

Wannan maƙala za ta duba hanyoyi biyu da irin wannan ruwa yake tasowa, watau girgizar ƙasa da zaftarewar ƙasa a ƙarƙashin teku. Ra'ayin da take son tsayarwa shi ne, hukumomi da jama'a sun ɗora dogaro mai yawa bisa na'urorin gargaɗi waɗanda aka gina don hanya ta farko, alhali kuwa hanya ta biyu takan zo tun na'ura ba ta buɗe baki ba. Saboda haka mazaunin gaɓa wanda ya san dalilin tashin ruwan ya fi wanda ke zaune yana sauraron jiniya kusa da tsira.

Mece ce tsunami?

Kalmar tsunami ta Japananci ce, ma'anarta kuwa raƙumin ruwa na tashar jiragen ruwa. Ya kamata mai karatu ya bambanta ta da raƙuman ruwan da iska ke tayarwa. Iska fatar ruwa kawai take shafa, kamar yadda mutum yake hura kunu a ƙwarya: sama ta motsa, ƙasa tana kwance. Ita kuwa tsunami takan tashi ne sa'ad da wani abu ya ture ruwan gaba ɗayansa, tun daga gindin teku har zuwa samanta. Wanda ya taɓa ɗaukar daro cike da ruwa, gindinsa ya lotsa ya kuma ɓallo farat ɗaya, ya ga misalin abin a taƙaice.

Saurin wannan ruwa ya dogara ne ga zurfin teku. A inda zurfi ya kai mita 4,000, yakan yi gudun kilomita 700 cikin sa'a guda, kusan gudun jirgin sama. Duk da haka tsayinsa a can sau da yawa ba ya kai mita guda, tsakanin doron raƙumi ɗaya da na gaba kuwa sai a sami tazarar ɗaruruwan kilomita, har ya wuce ta ƙarƙashin jirgin ruwa matuƙa ba su ankara ba. Idan ya kusato gaɓa zurfi ya ragu, sai na gaba ya rage gudu zuwa kilomita 30 ko 40 cikin sa'a, na baya kuma ya taho ya hau shi, ruwan ya tattaru ya yi toroƙo. Abin da ke shigowa gari ke nan, kamar kogin da ya ɓalle, yana tunkuɗowa na tsawon mintuna masu yawa, kana ya koma da duk abin da ya kwaso. Bayan minti 10 zuwa sa'a guda wani ya biyo, kuma ba lalle ne na farko ya zama mafi girma ba. Idan kwarin raƙumin ne ya riga doronsa isowa, sai a ga teku ta janye ta bar kifi a kan rairayi. Amma ba kullum take janyewa ba; wani lokaci doron ne kan gaba.

Hanya ta farko: girgizar ƙasa

Ɓawon duniya a rarrabe yake zuwa manyan alluna na dutse, waɗanda ke ɗauke da ƙasashe da tekuna, suna kuma motsi na 'yan santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin tsirar farce. A wasu wurare, kamar yammacin Sumatra da gabashin Japan da gaɓar ƙasar Cili, allo ɗaya yana kutsawa ƙarƙashin ɗan'uwansa. Kutsawar ba ta tafiya sumul. Bakin alluna biyun yakan cije, na ƙasa ya riƙa jan leɓen na sama yana tanƙwara shi shekara da shekaru, tamkar yaron da ya tanƙwaro reshen bishiya. Ran da cijewar ta saki, sai leɓen ya zabura ya koma sama, ya ɗaga gindin teku, gindin teku kuma ya ɗaga ruwan da ke bisansa.

Abin da ya auku a 2004 ke nan. Girgizar ta kai maki 9.1, tsagar ta yi tsawon kilomita wajen 1,300 daga Sumatra zuwa tsibiran Andaman, ta ɗauki kusan minti goma tana ɓarkewa, gindin teku kuma ya tashi da mitoci da dama. Irin wannan tsunami, da yake tushenta mai faɗi ne ƙwarai, tana iya ƙetare teku sukutum ba ta gaji ba. Girgizar ƙasar Cili ta 1960, mai maki 9.5, wadda ita ce mafi ƙarfi da na'ura ta taɓa aunawa, ta aika da ruwan da ya kashe mutum 61 a garin Hilo na Hawayi bayan sa'a 15, ya kuma kashe fiye da 100 a Japan bayan sa'a 22.

Sai dai fa ba kowace babbar girgiza ce ke haifar da babbar tsunami ba. Akwai inda alluna ke gogar juna gefe da gefe, ɗaya ya yi kudu ɗaya ya yi arewa, ba tare da gindin teku ya tashi ko ya nutse sosai ba. Ranar 11 ga Afrilu, 2012, irin wannan girgiza mai maki 8.6 ta auku yamma da Sumatra, jama'a suka firgita suka gudu, amma ruwan da ya zo bai taka kara ya karya ba. Daga nan masana suka tsayar da ƙa'idarsu: girgiza mai haɗari ita ce mai ƙarfi, wadda ba ta da zurfi a cikin ƙasa, wadda ta auku a ƙarƙashin teku, ta kuma motsa gindinta sama ko ƙasa. Bisa wannan ƙa'ida aka gina cibiyoyin gargaɗi, tun daga ta Hawayi wadda aka kafa a 1949, bayan tsunamin 1946, har zuwa tsarin Tekun Indiya wanda aka kafa bayan bala'in 2004. Ƙa'ida ce mai kyau, amma ba ta rufe kowace ƙofa ba.

Hanya ta biyu: zaftarewar ƙasa

Gindin teku ba fili ne shimfiɗaɗɗe ba. Daga gaɓa akan sami wani sarari marar zurfi, sa'an nan gangara ta sauka zuwa zurfin dubban mitoci. A kan wannan gangara laka da rairayin da koguna ke kwasowa suke taruwa tsawon dubban shekaru, a jiƙe, ba su daskare ba. Duk wanda ya ga yadda gaɓar kogi ke zaftarewa da damina, ta faɗa ruwa ta tayar da igiya zuwa ɗaya ƙetaren, ya san abin da ake nufi. Bambancin kawai shi ne girma. Idan tulin laka ya sulale, sai ya bar gurbi a bayansa ruwa ya rufta ciki, ya kuma tunkuɗa ruwan da ke gabansa. Girgiza matsakaiciya ta isa ta tsokano wannan, wani lokaci ma nauyin lakar kansa ya isa.

Shaida ta farko mai ƙarfi ta zo ne daga Tekun Atlantika. Ranar 18 ga Nuwamba, 1929, girgiza mai maki 7.2 ta auku kudu da tsibirin Newfoundland, wanda a yau yake cikin ƙasar Kanada. Wayoyin tangarahu 12 da aka shimfiɗa a gindin teku tsakanin Turai da Amurka suka tsittsinke, waɗanda ke kusa nan take, na nesa kuwa ɗaya bayan ɗaya cikin sa'o'i masu yawa. Bayan sa'a biyu da rabi ruwa ya afka wa ƙauyukan masunta, ya kashe mutum 28. Sai a 1952 masana biyu, Bruce Heezen da Maurice Ewing, suka jera lokutan tsinkewar wayoyin, suka nuna cewa malalar laka ce ta gangara tana yanke su bi da bi. Da za a auna lakar da ta zaftare da akwati mai kilomita guda a tsawo da faɗi da tsayi, da ta cika akwati wajen 200.

Duk da wannan shaida, an ci gaba da ɗaukar zaftarewa a matsayin abin da ba kasafai ba, har zuwa ranar 17 ga Yuli, 1998. Da magaribar wannan rana girgiza mai maki 7.0 ta auku a arewacin ƙasar Papuwa Niyu Gini. A lissafin ƙa'ida, girgiza irin wannan bai kamata ta tayar da ruwa mai yawa ba. Amma bayan kimanin minti 20 raƙuman ruwa masu tsayin mita 10 zuwa 15 suka share ƙauyukan Arop da Warapu da ke kan wani siririn tudun rairayi a bakin tafkin Sissano, suka kashe mutum fiye da 2,000. Ɓarnar ta taru ne a ɗan yanki na gaɓa, nesa kaɗan kuwa ruwan bai yi tsayi ba. Binciken da jiragen ruwa suka yi daga baya ya gano tabon wani tulin laka da ya sulale a gangarar da ke daura da wurin.

A nan halin wannan hanya ta biyu ya fito fili. Tsunamin zaftarewa ba ta cika tafiya nesa ba, domin tushenta ƙarami ne. Amma ga wanda ke kusa, tsayinta yana iya wuce duk abin da ƙarfin girgizar ya nuna, kuma takan iso cikin 'yan mintuna. Kada kuma a ɗauka gangarar tekun Afirka a kwance take. A watan Janairu na 2020 malalar laka ta bi kwazazzabon da ke ƙarƙashin teku a bakin Kogin Kongo, ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, ta tsinke wayoyin sadarwa biyu, har intanet ta yi sanyi tun daga Nijeriya zuwa Afirka ta Kudu. Wannan ba ta tayar da tsunami ba, amma ta nuna cewa gindin teku yana motsi ko da ba wanda ya gani.

Iyakar jiniya

Tsarin gargaɗi yana aiki ne mataki mataki. Na'urori su ji girgiza, masana su ƙiyasta wurinta da ƙarfinta, a duba na'urorin da ke auna nauyin ruwa a gindin teku don a tabbatar, a aika wa hukuma, hukuma ta kunna jiniya ko ta aika da saƙo ta waya. Kowane mataki yana cin lokaci, kowanne kuma yana iya karyewa. Shekarar 2018 ta nuna wannan sau biyu a Indonesiya cikin wata uku.

Ranar 28 ga Satumba, girgiza mai maki 7.5 ta auku kusa da birnin Palu a tsibirin Sulawesi. Irin ta gefe da gefe ce, watau wadda ƙa'ida ba ta jin tsoronta sosai. Amma Palu tana ƙuryar wani siririn lungun teku ne, gaɓar lungun kuma ta zaftare a wurare da dama. Masana suna ta muhawara a kan kason da zaftarewar ta ɗauka da wanda motsin gindin teku ya ɗauka, amma ba su yi saɓani a kan cewa ruwan ya iso cikin 'yan mintuna ba, lokacin da jama'a suka taru a bakin teku don wani biki. An ba da gargaɗi, sai dai girgizar ta riga ta katse lantarki da layukan waya. Hukumar kula da bala'o'i ta ƙasar ta bayyana a lokacin cewa na'urorinta 22 masu shawagi a teku sun daina aiki tun 2012. Girgizar da ruwan da narkewar ƙasa sun haɗu sun kashe mutum fiye da 4,000.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Daren 22 ga Disamba, gefen dutsen nan mai aman wuta, Anak Krakatau, ya zaftare cikin mashigin Sunda, tsakanin Jawa da Sumatra. Dutsen da ke da tsayin mita 338 ya koma mita 110. Babu babbar girgizar da za ta tayar da na'ura, don haka babu jiniyar da ta yi kuka. Bayan kimanin rabin sa'a ruwa ya iso gaɓa a cikin duhu, ya kashe mutum fiye da 400.

Har a ƙasar da ta fi kowace shiri, na'ura tana iya yin kuskure. Ranar 11 ga Maris, 2011, hukumar Japan ta ba da gargaɗi cikin minti uku, abin a yaba. Amma ƙiyasin farko ya ɗauki girgizar a maki 7.9, alhali ta kai 9, ya kuma ce ruwan zai kai mita 3 a lardin Iwate. Akwai garuruwa a wannan lardi masu katangar teku mai tsayin mita 10. Wanda ya ji mita 3 yana bayan irin wannan katanga, me zai sa ya yi gaggawa? Ruwan ya tsallake katangun, ya hau tudu har kusan mita 40 a wasu wurare, mutum wajen 18,000 suka mutu ko suka ɓace. A garin Kamaishi na wannan lardi kuwa, kusan dukkan yaran makaranta, su wajen 3,000, sun tsira, domin an shekara ana koya musu cewa kada su amince da ƙiyasi, su yi ta hawa iyakar ƙarfinsu, kada kuma su jira wani ya fara gudu.

Abin da masu ja za su ce

Mai ja zai ce wannan magana ta rage darajar na'ura. Lalle yana da hujja. Mutanen Siri Lanka, inda fiye da 30,000 suka mutu a 2004, ba su ji girgizar yadda za ta firgita su ba, ruwan kuma ya ɗauki sa'a biyu kafin ya iso gare su. Da akwai tsarin gargaɗi a wannan rana, da dubbai sun tsira. Ga tsunamin da ta fito daga nesa, babu abin da ya kai na'ura, kuma kuɗin da aka kashe a kanta bai tafi a banza ba. Abin da ake cewa shi ne, yawancin waɗanda tsunami ke kashewa suna kusa da tushenta ne, inda minti goma ke raba rai da mutuwa.

Zai kuma ce idan kowa ya riƙa gudu duk lokacin da ƙasa ta motsa, za a yi gudun banza da yawa, har mutane su gaji. Wannan ma gaskiya ne, an kuma gan shi a 2012. To, amma a auna hasarar: wanda ya hau tudu ya sauko ba abin da ya faru, wuni ɗaya ya rasa. Aikin malami shi ne ya bayyana wa jama'a dalilin da ya sa wata girgiza take kawo ruwa wata ba ta kawowa, kuma ba mai iya bambance su da ƙafarsa. Wanda ya fahimci haka ba zai ɗauki gudunsa na jiya a matsayin wauta ba.

Hujja mafi nauyi ita ce, akwai lokacin da alamar kanta ba ta zuwa. A mashigin Sunda ba a ji girgiza ba. A gaɓar Sanriku ta Japan a 1896, girgizar mai laushi ce amma mai tsawo, mutane ba su damu da ita ba, ruwa ya zo ya kashe wajen 22,000. Simeulue ma tana da tuddai dab da ƙauyuka, abin da babban birni a shimfiɗaɗɗen fili ba shi da shi. Wannan hujja ba ta rushe ra'ayin ba, faɗaɗa shi ta yi. Sanin asalin abin wajibi ne a kan hukuma kamar yadda yake a kan talaka. Hukumar da ta san cewa zaftarewa tana tayar da ruwa za ta zana taswirar gangarar tekunta, ta sa ido kan duwatsu masu aman wuta da ke cikin ruwa, ta kafa ma'aunin da ke duban tashin ruwan kansa ko da ƙasa ba ta girgiza ba, ta gina dogayen mafaka inda babu tudu, ta kuma hana gina makaranta da asibiti a bakin rairayi.

Kammalawa

An ga cewa tsunami ruwa ne da aka ture tun daga gindinsa, ko dai ta zaburar allon dutse, ko ta sulalewar laka da duwatsu. Ta farko tana da faɗi, tana tafiya nesa, na'ura kuma tana iya riga ta isa. Ta biyu ƙarama ce a taswira, amma mai tsayi ce, mai sauri ga na kusa. Abin da ya kamata a koya wa kowane yaro a gaɓa bai fi jimla uku ba. In ƙasa ta girgiza har tsayuwa ta gagara, ko ta daɗe tana girgiza ko da a hankali ne, ko teku ta janye ko ta yi rugugin da ba a saba ji ba, a hau tudu nan take da ƙafa. Kada a koma ɗaukar kaya. Kada a sauko don raƙumin farko ya wuce. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Mutanen Simeulue sun riƙe kalmarsu shekara 97 kafin ranar amfaninta ta zo, alhali na'urorin da aka jefa a tekun Indonesiya bayan 2004 ba su cika shekara goma suna aiki ba.